Jan Ƙyallen Bakin Karasu

A garinmu Tasbulak in ka tambayi mutum yaushe maral, manyan barewar tsauni, za su fara ruri bana, ba zai duba kalanda ba, gidan Otegen zai nuna maka da haɓa. Takardar hukuma tana nan manne a ƙofar kanti, duk shekara rana guda take faɗa ta buɗe farauta a tsakiyar Satumba, sai ka ce barewar tsaunukan Altai karatu take yi. Mu dai ba mu taɓa ɗaura wa doki sirdi saboda wannan takarda ba. Sai Otegen ya ce yau, sannan ta zama yau.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, sanyi ya cinye masa rabin kunnen hagu tun yana yaro, kuma ba ka ganin haƙoransa sai in wani ya faɗo daga doki. Ubansa ne mai faɗin rana kafin shi, kakansa kafin ubansa. Aikin ba a biyan ko tenge ɗaya, ladansa cinyar barewar farko da wurin zama a ƙuryar ɗaki, wajen manya, in ana biki. Tun ƙarshen Agusta yake fara yawo shi kaɗai. Ya duba ƙananan itatuwa ko bijiman barewa sun fara saɓule musu ɓawo da ƙaho, ya durƙusa ya shinshina taɓon da suke birgima a ciki, ya shafa ciyawa da sassafe ya ji ko raɓa ta daskare. Duk wahalar nan don kwana huɗu ko biyar yake yin ta. A farkon barbara manyan bijimai jininsu tafasa yake, ba su riga sun tara mata ba, in suka ji rurin wani namiji a kwarinsu sai su taho a guje neman faɗa har bakin bindiga. Ka makara da mako guda, kowane babba ya kora matansa cikin kurmi, ka yi ta kira har maƙogwaronka ya bushe, sai 'yan samari masu ƙaho kamar tsinke za su leƙo ka. In ka ƙara makara kuwa, naman ya rame yana wari, kare ma sai ya yi shawara kafin ya ci.

Kiran da ƙahon icce ake yin sa, kuma ba busawa ake ba, zuƙa ake yi, iska ta shige ciki da kuka. Gwani in ya kira, maharbi ɗan uwansa ma ba ya bambance shi da bijimi, shi ya sa kakanni suka kafa doka. Ranar da aka faɗi rana, maza su taru a jefa ƙasusuwan gwiwar tunkiya a raba kwaruruka. Kowa yana da jan ƙyallensa da alamar gidansu a ɗinke. Kafin ka shiga kwari da ƙaho, ka ɗaura shi a itacen kayin mai farin ɓawo da ke bakin kwarin. Wanda ya ga ƙyalle ya san rurin da yake ji yana iya zama na mutum, sai ya juya dokinsa. Wanda ya gani ya wuce, a wurinmu mai kisan kai ne tun bai ja kunama ba.

Otegen yana da ƙane guda, Amanjol, da ya girme wa da shekara goma sha biyu. Iyayensu sun rasu da wuri, shi ya rene shi, shi ya ɗora shi bisa doki, shi ya sassaƙa masa ƙahonsa na farko. A kira ba a yi kamar Amanjol ba. Muryarsa tana da wata 'yar karyewa a ƙarshe da ke haukata bijimai. Amma da an zo harbi sai hannunsa ya kama rawa, har ya kai shekara talatin bai taɓa kayar da babba ba. Kullum shi ne mai kira, wani ya harba, wani ya rataye ƙahonin a ƙofar gidansa.

Akwai kuma Saitkali, tsaran Otegen, makiyayin dawaki, dogo, gwanin harbi, bakinsa ba linzami. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa, amma in ya ga inda za a yi dariya ko makarar uwarsa ce sai ya taka. A wani biki da bazara aka kawo dafaffen kan rago, aka ba shi wuƙa ya raba. Ya yanko kunne, rabon yara ƙanana, ya miƙa wa Amanjol a gaban maza arba'in.

"Ungo, mawaƙinmu," in ji shi. "Ci ka ƙara murya. Kai ka yi mana waƙa, mu manya mu yi harbi."

Aka kwashe da dariya. Amanjol ya karɓa ya cinye, yana murmushin yaƙe. Guntun kunnen Otegen ya yi jawur, mu da muka san shi kuwa mun san maganar ba ta mutu a nan ba.

A shekarar nan akwai wani tsohon bijimi a kwarin Karasu mai rassan ƙaho goma sha shida, kowa ya kwana da shi a rai. Sanyi kuma ya sauko da wuri. Otegen ya hau ya ga ɓawo a saɓule, taɓo yana tashin zarni, ya san abu ya zo kwana goma kafin lokacin da aka saba. Da ya sauko, maza suka tare shi a ƙofar kanti.

"Yaya dai, mai rana? Mu fara goge bindiga?"

"Ku goge lauje," in ji Otegen. "Da sauran kwana goma. Ku je ku gama yankan ciyawa."

Ƙaryarsa ta farko ke nan a kan rana, kuma ta fito masa sumul ba ko tuntuɓe. Da la'asar ya iske Amanjol a bayan gida yana gyaran linzami.

"Gobe da sassafe ka shiga Karasu. Sun fara. Mai goma sha shidan nan shi kaɗai ne, zai zo maka har ƙafa, ko da rawar hannu ba za ka kuskure ba."

"Yaya, ai ba a jefa ƙashi ba."

"A jefa, Karasu ta faɗa hannun mai dogon bakin nan, baɗi ka ci wani kunnen? Dabba ce kai?"

Amanjol ya zaro jan ƙyallensa daga ƙirji. "To, zan dai ɗaura wannan."

"Ka ɗaura, masu amalanken ciyawa su hango daga hanya, kafin hantsi duk gari ya san na yi ƙarya? Kawo nan!" Ya fizge ƙyallen ya cusa a aljihun rigar sanyinsa. "Wa zai shiga kwari ana saura kwana goma? Ba kowa a tsaunin nan gobe sai kai da shi."

Washegari Torgin, matar Otegen, ta zo sa masa busasshen cuku a aljihu kamar yadda ta saba, hannunta ya taɓa ƙyalle. Ta zaro ta ga alamar da ita da kanta ta ɗinka wa ƙanin mijinta, ta dubi turken da dokin Amanjol ba ya nan, ta mayar da ƙyallen cikin aljihun. Otegen ya ɗauki lauje ya haye rafi zuwa fadamar ciyawa, inda sautin Karasu ke isowa in iska ta yarda.

Rana ta ɗan taso ya ji kiran, da 'yar karyewar nan a ƙarshe, ya yi murmushi shi kaɗai. Ya ji na biyu. Sai harbi guda. Murmushin ya ɗauke, don ya san muryar bindigar ƙanensa kamar yadda ya san tarinsa, wannan kuwa ba ita ba ce.

Abin da ya faru shi ne goɗiyar Saitkali ta ɓace, ya bi sawunta tun asuba har bakin Karasu, bindiga a kafaɗa saboda kyarkeci. Ya dubi itacen kayin, ba komai a jikinsa, ya wuce. Da ya ji ruri sai ya ce a ransa, ashe tsohon bai ji sanarwar Otegen ba. Ya sauka ya yi sanɗa, ya ga wani abu ruwan ƙasa yana motsi cikin kurmin bakin rafi, ya harba bai ga ƙaho ba. Wannan laifinsa ne, ba mai wanke shi daga shi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ma ya san ba a harbin abin da ba a ga kansa ba.

Otegen ya iso bakin kwarin a sukwane daidai Saitkali yana fitowa, ba hula, hannayensa duk jini.

"Otegen! Amanjol ne! Wallahi na ɗauka bijimi ne! Ya cika, ya cika a hannuna! Bari in kira mutane!"

Ya zabura ya yi gari. Otegen ya hau ya iske ƙanensa rigingine a cikin ganye, ƙahon iccen yana hannunsa, idonsa a buɗe kamar mai jiran a ce masa ya yi daidai. Ya durƙusa ya rufe masa ido. Ya sa hannu a aljihu neman abin da zai share masa fuska, sai ya zaro jan ƙyalle.

Ya daɗe yana kallon sa. Ya sani sarai, kada wani ya ce bai sani ba. Ya san wa ya yi ƙaryar rana, ya san wa ya fizge ƙyallen, ya san in mutane suka iso suka ga itacen ba komai za su ce ƙaddara ce, su dafa kafaɗar Saitkali, sannan su juyo su tambaye shi me ya kai yaron nan Karasu a ɓoye. Sai ya tuna kunnen rago, ya tuna dariyar, wani irin fushi ya taso masa har yana jin ɗaci a harshe. A ce mai dogon bakin nan ya wulaƙanta yaron da rai, ya harbe shi kamar kare, kuma ya koma gida ya sha shayi mutane suna ba shi haƙuri? Ina! Ya hau doki ya gangara, ya ɗaura ƙyallen a reshen da ya fi fitowa fili, ya ja ƙulli biyu, ya koma wurin gawa ya zauna.

Da mutanen gari suka iso, Saitkali ne a gaba. Ya ɗaga kai ya ga ja yana kaɗawa, sai ya ja linzami har dokin ya miƙe.

"Wannan fa? Wallahi babu shi ɗazu! Na duba! Na rantse da Allah na duba!"

Wani dattijo ya sauka ya juya ƙyallen ya ga alamar gidan su Otegen. Aka hau aka sauko da gawar, aka tsaya ƙarƙashin itacen, kowa yana kallon Otegen.

"Ni na aike shi ya gwada mini kwarin, in ji ko sun kusa," in ji shi, muryarsa a sanyaye. "A gabana ya zaro ƙyallensa jiya."

Saitkali ya ce, "Otegen, kai ma ka wuce ta nan! Ka gan shi? Faɗa musu!"

"Na gan shi. Makaho ma zai gan shi."

Dattijon ya tofar da yawu a gaban dokin Saitkali, daga nan shari'ar Tasbulak ta ƙare.

Ta hukuma ba ta da wani nauyi. Aka ce kuskure ne, aka karɓe masa bindiga, aka ba shi ɗaurin talala, ya dawo gida. Tamu ce ta ci shi. Aka daina ba shi kiwon dawaki. In ana biki wurinsa bakin ƙofa ne, wajen takalma, ba a sake miƙa masa wuƙar rabo ba har ya mutu. Wanda ya gaishe shi da hannu sai ya faki ido ya goge a riga. Ɗansa ya gaji da sunan da ake kiransa da shi ya tafi birni, ko wasiƙa. Shekarun farko Saitkali yana tare mutane a hanya yana rantsuwa babu ƙyalle, har yara suka mai da abin wasa, su biyo shi suna "Babu ƙyalle! Babu ƙyalle!" Daga baya ya daina. Mutumin da baki ya yi masa yawa ya koma sai ya yini bai furta kalma biyar ba.

Torgin sau ɗaya ta yi magana, bayan sadakar bakwai, tana kwashe kwanoni.

"Maigida, ran nan da safe na ga ƙyallen yaron nan a aljihunka."

Otegen ya ɗago ya dube ta. "Ba ki gani ba."

"Na taɓa shi da hannuna."

"Na ce ba ki gani ba."

Ta ɗauki kwanoninta ta fita. Ta ci gaba da dafa masa abinci, ta haifa masa 'ya'ya biyu bayan haka, ba wanda ya taɓa jin kansu. Amma ba ta sake sa masa cuku a aljihu ba, kuma duk ranar da aka yi yanka a gidan sai wani yanki ya yi ƙafa ya ɓulla gidan Saitkali. Otegen ya sani, ya yi kamar bai sani ba.

Za ka ce wannan ya isa? Bai ishi Otegen ba. Da shekara ta zagayo, maza suka yi ta jiran sa a ƙofar kanti ya faɗi rana, bai zo ba. Wata safiya da raɓa ta daskare sai gari ya tashi da ruri daga tudun da ke bayan gidan Saitkali, sau uku, da 'yar karyewar nan a ƙarshe. Tsigar jikin kowa ta tashi. Aka fito aka ga Otegen tsaye bisa tudun da ƙahon Amanjol a baki. Duk shekarar nan ya yi ta koyon karyewar a cikin daji har ya ƙware.

"Yau ce," ya ce da waɗanda suka hau. "A kawo ƙashi a jefa. Kowa ya ɗaura ƙyallensa, kuma kowa ya buɗe idonsa, tun da muna da masu ciwon ido a gari."

Haka aka koma faɗin rana a Tasbulak, shekara ashirin da shida. Bai sake ƙaryar rana ba, bai kuma taɓa kuskure ba ko da yini guda. Sunansa ya tafi, maharba daga birni suna zuwa da motoci da takardunsu, su zauna su ci baursak, fankenmu na fulawa, su sha nonon goɗiya suna jiran wani gajeren tsoho ya ba su izini. Ana yaba masa, ana cewa dubi yadda yake son ɗan uwansa, har yau bai huce ba. Gaskiya ne bai huce ba. Duk ranar kiran yakan tsaya ya jira labulen tagar Saitkali ya motsa, in ya motsa sai ya ji wani sanyi ya ratsa masa ƙirji, ya sauko ya ci abinci da daɗi. Sauran kwanakin shekara ba ya barin kansa ya zauna shiru, kullum yana faskare ko gyaran shinge, ya gyara wanda bai lalace ba.

Bara ne kaka ta ƙi zuwa. Satumba ta raba, rana tana duka kamar bazara, ganyen kayin kore shar, ƙuda har cikin tsauni. Baƙin birni suka zo suka nuna takarda suka yi fushi suka koma. Otegen, gwiwoyi sun ƙare, yana hawa kullum yana shinshina taɓo yana saukowa baki a tsuke. Ana nan sai Aklima, 'yar Saitkali da ta ƙi aure ta zauna jinyar ubanta, ta shigo gidan Otegen da hantsi, abin da ƙafarta ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya bakin ƙofa ba ta cire takalmi ba.

"Baba Otegen, tsohona yana kwance, likita ya ce kwanaki ne. Kullum da safe sai ya ce in buɗe taga, wai bai ji ƙaho ba. Ya hana kansa tafiya yana jira. Ko dai ka hau ka yi kiranka ya huta, ko ka zo ka ji abin da yake son faɗa maka."

"Ba su fara ba," in ji Otegen. "Ba na kiran ƙarya."

Torgin tana tankaɗe a gefe, ta ɗan tsaya, ta ci gaba.

Ya je. A hanya yana shirya amsa, don ya tabbata tsohuwar maganar ce: babu ƙyalle, ka faɗa ko sau ɗaya. Ya riga ya yanke abin da zai ce, ko da mala'ika yana tsaye a kan mutumin. Ya iske Saitkali ya zama ƙashi da fata, dogon nan duk ya naɗe cikin bargo, ido kawai ya rage.

"Ka zo, guntun kunne," in ji Saitkali, yana neman yin dariya. "Bana ka makara."

"Ba ni na makara ba, su ne. Me kake so?"

"Zauna. Otegen, na tuna."

"Ka tuna me?"

"Ƙyallen. Na gan shi." Ya yi numfashi. "Shekaru ina cewa babu, ina rantsuwa da Allah a kan ƙarya. Kai ba ka ƙarya, gari duk ya shaida, shekara nawa ba ka kuskure rana ba. To ni ne ke nan. Na yi ta komawa wurin a raina, kullum, kullum, har ya fito mini. A reshen dama yake, iska tana kaɗa shi, da ƙulli biyu. Na gani na wuce, saboda kwaɗayin ƙaho. Na kashe maka yaro da gangan. Kowane kira da ka yi mini na cancance shi, ka ma yi mini sauƙi. Ka yafe mini in tafi."

Abin da Otegen ya fara ji daɗi ne, ba zan ɓoye ba. Abin da ya shekara ashirin da shida yana kira ya zo masa har ƙafa. Daɗin bai kai numfashi uku ba. Ya dubi idon mutumin ya ga ba dabara ba ce, ba neman sulhu ba ne, da gaske yana ganin jan ƙyallen. Ban da shi kansa, mutum ɗaya ne a duniya da ya ga itacen nan ba komai a jikinsa, yau shi ma an ɗaura masa. Tsoro ya kama Otegen irin wanda bai taɓa ji a gaban dabba ba.

"Babu ƙyalle," ya ce.

"Iye?"

"Babu ƙyalle, Saitkali! Yana aljihuna. Ni na ƙwace daga hannunsa, ni na yi ƙaryar rana, ni na ɗaura bayan ka tafi kiran mutane. Ƙulli biyun nan nawa ne!"

Saitkali ya dube shi ya daɗe, sai hawaye ya gangaro masa, ya laluba ya kama hannunsa.

"Allah sarki. Ashe kana da tausayi. Bar shi, ɗan uwana, kada ka ɗora wa kanka ƙarya don in mutu da daɗi. Na gan shi da idona."

"Wallahi tallahi babu!"

"Haka ni ma na yi ta cewa," in ji Saitkali. "Ce ka yafe kawai."

Otegen ya juya wajen Aklima, tana jingine da bango tana kuka. "Na gode, Baba," ta ce. "Ba mu zaci haka daga gare ka ba. Ka ce masa ka yafe, don Allah."

Ya ce ya yafe. Da bakinsa ya faɗa, Saitkali ya lumshe ido yana hamdala.

Kwana biyu bayan haka ya cika. A safiyar da aka kai shi, raɓa ta daskare fari fat, muna tsaye a maƙabarta sai wani bijimi ya saki ruri daga Karasu, wani ya amsa daga ƙetare. Kowa ya waiwayi Otegen. A karo na farko barewa ta riga shi faɗin rana.

A wurin sadakar bakwai ya miƙe daga ƙuryar ɗaki, wurin manya, ya faɗi komai tun daga kunnen rago har ƙulli biyu. Ina wurin. Aka fara gyaɗa kai irin na tausayi. Wani ya ce tsufa ne. Wani ya ce mutuwar tsara takan girgiza mutum. Liman ya ce marigayi ya amsa laifinsa a gaban 'yarsa, shi kuma ya yafe, a bar matacce ya kwanta. Aka ja hannun rigarsa ya zauna, aka tura masa nama mai taushi.

Ya fita bai ci ba, ya yi gida yana ɗingishi. Torgin tana zaune gaban butar shayi, ita ma tsufa ya lanƙwasa ta.

"Tashi mu je," ya ce. "Ke kika gani. Ki faɗa musu ƙyallen yana aljihuna ran nan da safe. Ke za su yarda da ke."

Ta zuba madara a kofi, ta zuba shayi a kai, ba ta ɗago ba.

"Lokacin da mutumin yake da kunnen ji ba ka nemi shaida ba. Yanzu da ya yi maka nauyi kake neman mai sauke maka?"

"Torgin, don girman Allah. Kin taɓa shi da hannunki."

Ta tura masa kofin gabansa, sannan ta dube shi ido cikin ido.

"Ban gani ba, Maigida," ta ce. "Kai ka faɗa mini."